Hoton Mai Dogon Hanci

Har ya ɗaga wayar ya saita kafin Inna ta ankara. Ita ta sunkuya tana gyara ledar kifi da ke neman ɓarkewa, shi kuwa ya matsa jikin shingen ƙarfe, ya kanne ido ɗaya, ya danna.

"Direba, me kake yi?"

"Zo ki ga ikon Allah," ya ce ba tare da ya waiwayo ba. "Ashe har yanzu akwai irinta a duniya."

A cikin shingen, gefen wani dogon gini mai ƙananan tagogi, wata babbar mota ce tsaye, tsohuwar yayi, mai dogon hanci, koriya shar. An wanke ta har tayoyinta na ƙyalli. Irinta ya tuƙa tun yana saurayi har gwiwoyinsa suka ce sun gaji. A tasha Babu-Birki ake ce masa, amma Inna tun kafin aurensu Direba take kiransa, kuma ba ta taɓa canzawa ba. Rabonsa da ganin irin motar nan tun ranar da aka ja tasa zuwa wajen masu yankan ƙarfe.

Inna ta miƙe, ta nuna masa wani allo da ke manne a shingen, daidai saitin kansa. Rubutun ƙasar ne a jiki, wanda ba su iya karantawa, amma a ƙasansa an zana kyamara an ja mata jan layi.

"Ba ka ga wannan ba?"

"Na gani. 'Yan jarida ake nufi. Wa zai damu da tsoho da 'yar wayarsa? Abokina Dogo zan aika wa, ya tuna zamaninmu."

Ya sake dannawa, don na farkon bai kama fitilun ba. Yana sauke hannu ya ji an yi magana a bayansa. Samari biyu ne cikin kaki mai guga. Ba wanda ya ɗaga murya a cikinsu. Ɗaya ya sara masa cikin ladabi, ya buɗe tafin hannu yana kallon wayar. Ɗayan ya karɓi ledar kifin daga hannun Inna, ya riƙe mata, ya nuna wata farar mota da ke gefen titi.

Wannan ladabin ne ya tsinka masa gaba. Ya san ɗan sanda mai tsawa, ya san mai zagi, ya san mai dukan ƙofar mota da kulki. Duk ya san yadda ake bi da su. Amma wanda zai buɗe maka ƙofa, ya jira ka zauna, ya ja maka bel ya ɗaura, wannan bai san ta inda ake kama shi ba.

Ofishin da aka kai su sanyi gare shi kamar cikin firij. Kujerun a kafe suke da ƙasa. Aka karɓi fasfo ɗinsu, aka sa wayarsa cikin wata 'yar leda aka rufe, aka kawo musu ruwa a kofin takarda. Ledar kifin aka ajiye ta a kusurwa, tana ɗiga a hankali kan tayil mai sheƙi, Inna tana satar kallonta cikin jin kunya.

Auta ce ta kawo su ƙasar. Ita ce ƙaramar 'yarsu, nas ce a wani babban asibiti, ta daɗe a nan ita da mijinta, wanda aiki ya kai wani gari sai ƙarshen mako yake dawowa. Da sunanta da takardar aikinta aka ba su izinin shigowa, don a duba gwiwar Baban, su kuma ɗan huta. Tun a filin jirgi ta soma yi musu karatu: kada a tofa yawu a titi, kada a ɗaga murya a bas, kada a taɓa ɗan wani ko da wasa, kada a ɗauki hoton abin da ba a sani ba. Shi kuwa dariya ya yi ta yi.

"Auta, ni da na ratsa ƙasashe da tirela kina goye? Ba inda ban kwana ba. Doka duk ɗaya ce, bakin mutum ne ke buɗe ta."

"Baba, ta nan ba ta jin baki," ta ce.

Wani matashin jami'i ya zauna gabansu, ya ajiye wata na'ura mai faɗi a kan tebur, ya yi mata magana da harshensu. Sai ga muryar mace ta fito da wata Hausa a sandare, kamar ta wanda ya haɗiyi muciya.

"Don wane dalili ka ɗauki siffar wannan abin hawa?"

Direba ya gyara zama, ya sunkuya kan na'urar kamar mai yi wa kurma magana.

"Ranka ya daɗe, 'yar'uwarta na riƙe shekara da shekaru. Ita ta ci da ni, ita ta sha da ni, ita ta aurar mini da 'ya'ya. Da na gan ta sai zuciyata ta motsa."

Na'urar ta juya maganar. Jami'in ya saurara, ya dubi Direba, ya dubi Inna, ya ɗan ɗaga gira. Ya sake magana.

"Ina wannan 'yar'uwar take yanzu? Tana cikin ƙasar nan?"

Duk da halin da ake ciki sai da Inna ta toshe baki da gefen mayafi.

"Ka gani ko? Ka je kana yi wa inji karin magana."

Aka yi ta kai-kawo, magana tana ƙara cukurkuɗewa. Daga baya jami'in ya kashe na'urar, ya buɗe fasfo ɗin, ya danna wani abu a kwamfuta. Sai hoton Auta ya bayyana a allon, cikin fararen kayan aiki, ba murmushi. Ya nuna hoton, ya nuna tarho, ya dube su alamar tambaya. Inna ta gyaɗa kai.

Direba ya ƙura wa fuskar 'yarsa ido a kwamfutar 'yan sanda. Sai da jami'in ya juya baya yana buga waya, sannan ya ji hannunsa na dama ya zame da kansa zuwa aljihun gefe, inda 'yan kuɗin cefane suke. Bai ma yi shawara da zuciyarsa ba. Sabo ne. Hannun nan ya yi wannan tafiyar a shingayen kan hanya ba iyaka, da rani da damina, kuma bai taɓa dawowa da kunya ba.

Inna ta cafke wuyan hannun.

"Kada ka soma," ta ce ƙasa-ƙasa, idonta na kan bango.

"Ɗan na shan ruwa ne kawai. Yaron kirki ne, ba ki ga yadda ya riƙe miki kifi ba?"

"Auta ta ce a nan wanda ya miƙa ya fi wanda ya karɓa shiga uku. Lokacin kana ta dariya, ni ina ji. In ka fito da hannun nan da wani abu a ciki, ba kai ka miƙa ba, ita ta miƙa."

"Sake ni mana, a gaban mutane."

"Ba zan sake ba."

Ba ta sake ba kuwa. Tunda suke, bai tuna ranar da ta taɓa riƙe masa hannu a gaban wani ba, ko a gaban 'ya'yansu. Yatsunta sun yi sanyi, amma ƙarfinsu kamar na makanike. A hankali ya zare hannun daga aljihun, wayam, ta bi shi ta danne a kan gwiwarsa, ta ɗora nata a kai. Da jami'in ya juyo ya gan su haka, sai ya ɗan yi murmushi ya kau da kai. Ya ɗauka lallashi ne.

Suka yi ta jira. Mutane na shiga suna fita, ba mai hayaniya. Wani mai goge-goge ya zo ya tsane ruwan kifin, ya saka ledar cikin bokiti. Direba ya so ya ba shi haƙuri, ya rasa da wane baki.

Rana ta karkata kafin Auta ta iso. Ko kayan aikin ba ta cire ba, katin asibiti na reto a wuyanta. Ta dube su sau ɗaya, daga sama har ƙasa, irin kallon da take yi wa marar lafiya don ta tabbatar ba inda ke jini.

"Baba, Inna, lafiyarku ƙalau?"

"Ƙalau muke," in ji Inna.

Direba ya buɗe baki zai yi bayani, ta ɗan girgiza masa kai.

Aka shigar da su wani ɗaki na ciki, gaban wani babban jami'i mai furfura a gefen kunne da tabarau a kan hanci. Aka ba tsofaffin kujeru. Auta ta tsaya, hannayenta a haɗe a gaba, ba ta zauna ba sai da aka nuna mata kujera har sau biyu. Da ta soma magana da harshen ƙasar, Direba ya ji kamar ba 'yarsa ba. Wannan ita ce Autar da tun tana 'yar mitsitsiya take tare shi a ƙofar gida da rigima, wadda ko yayyenta maza ba sa ja da bakinta. Ga ta nan tana auna kowace kalma kamar mai ɗiga magani a ido. Muryarta ba rawa, amma daga inda yake zaune yana ganin babban yatsanta yana murza gefen katin asibitin ba tsayawa.

Nan ya gane cewa ba yau ta koyi wannan muryar ba. Da ita take zaune a ƙasar nan duk shekarun da yake buga ƙirji a majalisa yana cewa 'yarsa na can tana shan daɗi.

Babban jami'in ya ciro wayar daga leda, ya miƙa wa Direba ya buɗe, sannan ya juya ta yadda kowa zai gani.

"Ya ce dole ya duba duk hotunan da ke ciki," in ji Auta.

Ya soma da na motar, guda biyu. Ya ja baya. Ga kasuwar kifi, ga wata kyanwa a kan katanga. Sai ga Auta ta baya, an ɗauko ta daga taga tana tsallaka harabar gida da jakar aiki. Ya ja, ga ta kuma da wani mayafin. Ya sake ja, ga ta riƙe da laima. Kowace safiya tun zuwansu tana nan, ko yaushe ta baya, ko yaushe tana sauri. Auta ta dubi allon, ta dubi mahaifinta, shi kuwa ya sami wani abin kallo a silin.

Jami'in ya ƙara ja. Sai ga Inna a cikin jirgi, kai ya langaɓe, baki a buɗe, tana sharar barci.

"Direba," ta ce a hankali, "za mu koma gida ai."

Gefen bakin jami'in ya motsa, amma ya danne. Ya ajiye wayar, ya cire tabarau, ya yi magana mai ɗan tsawo. Auta ta saurara har ya gama, sannan ta juyo.

"Baba, ya ce wurin na sojoji ne, kuma laifin ba ƙarami ba ne a dokarsu. Ana iya cin tara, ana iya mayar da mutum ƙasarsu, kuma ana rubutawa a kan wanda ya tsaya masa." "Ya ce tambaya ɗaya zai yi maka, kai yake so ka amsa, ba ni ba. Akwai allo a jikin shingen. Ka gan shi kafin ka ɗauka, ko ba ka gani ba?"

Amsar tana nan a saman harshensa, a shirye, mai santsi: tsoho ne, ido ya yi rauni, ga tabaransa ma a gida ya baro. Baƙo ai makaho ne ko da idonsa. Ya sha faɗin abin da ya fi wannan a kan hanya, a wuce wurin har da dariya. Ya dubi Auta ko za ta ba shi wata alama. Ba ta ba shi ba. Idonta na kan tebur, yatsan nan na ta murzar kati.

Ya dafa gwiwa ya miƙe tsaye, da ƙyar.

"Ki gaya masa yadda na faɗa, kada ki gyara mini. Na ga allon. Matata ma ta nuna mini, na ƙara ɗaukar wani bayan ta nuna. 'Yata ta gargaɗe ni tun ranar da na sauka, na mai da maganarta wasa. Taurin kaina ne. In akwai hukunci, ga ni, a sa ni a jirgi yau ma na yarda. Amma ita ba ta da laifi ko na ƙwayar zarra, kada a taɓa mata suna."

"Baba..."

"Faɗa masa, Auta."

Ta faɗa. Ya ji muryarta ta ɗan karye a tsakiya, ta tsaya, ta ci gaba.

Jami'in ya mayar da tabaransa. Ya juyo da allon kwamfutarsa wajensu ya danna. Ga shingen, an ɗauko daga sama. Ga Inna da leda, ga ta tana nuna allo. Ga Direba ya ɗaga kai ya kalla, ya yarfar da hannu kamar mai korar ƙuda, ya sake ɗaga waya. Ashe duk wannan yana gaban mutumin tun kafin su shigo.

Direba ya koma ya zauna ba tare da an ce masa ba.

Jami'in ya tura masa wayar, ya nuna hotunan motar. Da yatsansa Direba ya goge su, ɗaya bayan ɗaya. Kafin ya goge na biyun ya ɗan tsaya, don fitilun sun fito raɗau, sannan ya danna. Jami'in ya yi 'yar gajeriyar magana, ya miƙa fasfo ɗin da hannu biyu.

"Ya ce gargaɗi ne, na farko kuma na ƙarshe," in ji Auta. "Ba za a rubuta komai a kaina ba. Ya ce kuma hoton Inna ba hurumin dokarsu ba ne, ku sasanta a gida."

A bakin ƙofa aka miƙo wa Inna ledarta, an ƙara mata wata sabuwa a kai, an ƙulle.

Sai da suka yi nisa da ginin, suka sha kwana, sannan Auta ta tsaya ta jingina da bangon wani kanti. Inna ta ajiye leda ta riƙe ta.

"Bara aka mayar da wata abokiyar aikina ƙasarsu," in ji Auta, tana kallon ƙasa. "Ƙaninta ne ya zo ziyara ya yi faɗa da wani a kanti. Ko kayan ɗakinta ba ta samu ta sayar ba."

"Me ya sa ba ki gaya mana ba?" in ji Inna.

"Kada in tsorata ku. So nake ku ji daɗin zuwan."

Direba ya tsaya riƙe da hula a hannu, bai san lokacin da ya cire ta ba.

"Asibitin fa? Sun ce wani abu?"

"Wata ce ta riƙe mini aikin. Zan rama mata ranar hutuna." Ta share ido da bayan hannu, ta dube shi. "Baba, ashe kullum kana taga?"

"Iska nake sha," ya ce. "Ɗakin naki ba ya samun iska."

Ta yi dariya, hawaye na zuba. Ta sa hannu ta karɓi hular ta ɗora masa a ka, ta gyara mata zama.

Bas ɗin da suka hau ba cunkoso. Suka sami kujerun baya, Auta a tsakiya, Inna ta taga da ledarta a ƙasa tsakanin ƙafafu. Ba mai magana a motar sai ƙarar inji. Direba ya zuba wa direban bas ɗin ido ta madubi, yana kallon yadda yake shan kwana, yadda yake taka birki a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai. A ransa ya ce yaron ya iya.

Ba su yi nisa ba ya ji nauyi a kafaɗarsa. Auta ce, barci ya kwashe ta, kanta ya gangaro, katin asibitin ya karkace a ƙirjinta. Tun asuba take tsaye. Numfashinta ya yi tsawo, hannunta ya saki a kan cinyarsa.

Ya gane unguwarsu da ya hango kantin magani mai koren fitila. Bas ya soma rage gudu. Inna ta sunkuya za ta ɗauki leda, ta miƙa hannu za ta taɓa Auta.

"Dakata," ya ce da raɗa. "Katin bas ɗin nan da muka shigo da shi, ya halatta mutum ya wuce tasharsa?"

"Ina na sani?"

"Ba a yin abu a ƙasar mutane sai an tambaya."

"To wa za mu tambaya?"

Ya karkato ido ya dubi kan da ke kafaɗarsa, bai motsa wuya ba.

"Ita ta sani. Bari ta tashi mu tambaye ta."

Ƙofar bas ta buɗe, ta ɗan jira, ta rufe. Inna ta mayar da ledar ƙasa, ta gyara zama. Kantin maganin ya wuce ta taga. Kafaɗar ta soma yi masa tsami, ya bar ta yadda take.